Masu babur a Agege: Tsakanin daɗin hawa da fargabar kamu

Duk wanda ya ratsa unguwar Zango da ke Agege a Jihar Legas bayan an idar da sallar Asuba, zai ga babura iri biyu a ƙofofin gidaje. Akwai waɗanda masu su ke gogewa da tsumma, suna duba iskar taya da birki kafin su buga kik su kama hanya. Akwai kuma waɗanda aka jingine a jikin bango, aka lulluɓe da tsohon buhu ko tampol, tayoyinsu sun sace, ƙura ta lulluɓe tanki. Da dama daga cikin na biyun nan lafiyarsu ƙalau. Masu su ne suka rage hawa, wasu suka daina ɗungurungum, kuma har yanzu ba su tsayar da shawarar abin da za su yi da su ba.

Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne Agege ba ta cikin ƙananan hukumomi goma da gwamnatin jihar ta haramta acaɓa a cikinsu baki ɗaya. A cikin unguwa babur na yawo, ana ɗaukar fasinja, ana kai yara makaranta, ana ɗauko nama daga mayankar Oko-Oba. Sai dai a shekaru goma sha da suka gabata dokoki sun yi ta rufe hanyoyin da ke fita daga Agege ɗaya bayan ɗaya, farashin mai ya ninka fiye da sau biyar, kuɗin sabon babur ya haura naira miliyan ɗaya. Mutumin da ya sayi babur domin ya je inda yake so a lokacin da yake so, yanzu kafin ya tashi sai ya zauna ya yi lissafin titin da zai bi da wanda zai kauce wa. Tambayar da ake ta juyawa a majalisun hira da shagunan bakanikai ita ce ko hawan ya rage da sauran daɗi, ko kuwa lokaci ya yi da mutum zai rabu da abin hawansa tun yana da daraja a kasuwa.

Yadda babur ya zauna a Agege

Hausawan Agege ba baƙin jiya ba ne. Layin dogon da Turawa suka shimfiɗa daga Legas ya bi ta Agege ya isa Ibadan a 1901, daga bisani ya haɗe da Kano a 1912. Gonakin goro da koko da ke kewaye da garin a wancan zamani suka jawo fatake daga Arewa, suka riƙa sayen goro suna ɗaurawa a huhu suna lodawa a jirgi. Inda suka sauka shi ne ya zama Zango, har aka naɗa Sarkin Hausawa, sarautar da ke nan har gobe. Akwai gidajen da a yau jikoki da tattaɓa-kunne ne ke zaune a cikinsu, Yarabanci a bakinsu tamkar Hausa, wasu ma ba su taɓa yin wata guda cur a Arewa ba.

A irin waɗannan gidaje babur ya fara shiga ne a matsayin kayan mutunci. Alhaji mai goro da Vespa ɗinsa, malamin makaranta da Honda, ma'aikacin jirgin ƙasa da Suzuki ko Yamaha. Tsofaffin ma'aikatan gwamnati za su tuna ƙarin albashin Udoji, wanda kwamitinsa ya miƙa rahoto a 1974, aka biya ariyas a shekarar da ta biyo baya. Kuɗin nan ya sa ƙananan ma'aikata da yawa sun sauka daga kan keke sun hau babur. A 1979 kamfanin Honda ya kafa masana'antar haɗa babura a Ota, tafiyar da ba ta da nisa daga Agege idan aka bi hanyar Abeokuta. A lokacin, wanda ya faka babur a ƙofar masallacin Juma'a ana ganinsa a matsayin wanda Allah Ya rufa wa asiri.

Sana'ar acaɓa ta zo ne daga baya, ta bunƙasa bayan tsuke bakin aljihun da aka shiga daga 1986, lokacin da masana'antu suka yi ta sallamar ma'aikata, motocin haya suka yi ƙaranci. A Kudu aka laƙaba mata sunan okada, wanda aka aro daga kamfanin jiragen sama na Okada Air, saboda yadda babur ke tsallake cunkoso kamar ya tashi sama. Baburan China irin su Jincheng suka karya farashi, sannan Bajaj Boxer ta Indiya ta zo ta mamaye kasuwa saboda juriya da ƙarancin shan mai. A nan ne aka samu cakuɗewar da ke damun mutanen Agege a yau. Boxer ɗin da ɗan acaɓa ke neman abinci da ita, ita ce dai tela da mahauci da malamin Islamiyya ke saya domin hidimar kansu, tun da ita ce kayan gyaranta ke ko'ina, kowane bakanike kuma ya san cikinta.

Dokokin da suka kewaye gari

A watan Agustan 2012 Gwamna Babatunde Fashola ya sa hannu a dokar zirga-zirga da ta hana acaɓa bin tituna 475 a jihar. A 2018, zamanin Akinwunmi Ambode, aka sake fasalin dokar sufuri, aka tabbatar da hanin. Amma bugun da ya fi shiga jiki ya zo ne a zamanin Gwamna Babajide Sanwo-Olu. Daga ranar 1 ga Fabrairun 2020 aka haramta acaɓa da Keke Marwa a ƙananan hukumomin Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Mainland da Lagos Island, tare da manyan hanyoyi goma da gadoji arba'in. Kamfanonin da ke haɗa fasinja da mai babur ta manhajar waya, irin su Gokada da ORide, duk da hulunan kwanonsu da rajistarsu, ba su tsira ba.

Aiwatarwa ta yi sanyi bayan wani lokaci, babura suka koma tituna. Sai a watan Mayun 2022 aka kashe wani matashi mai aikin haɗa sauti a Lekki, bayan taƙaddamar da aka ce ta taso kan naira ɗari tsakanin abokinsa da wani ɗan acaɓa. Hankalin jama'a ya tashi. Ranar 18 ga watan gwamnan ya sanar da haramci mai tsanani a waɗancan ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni, kuma cikin 'yan kwanaki aka nuna wa duniya hotunan injin yana murƙushe babura fiye da 2,000 da aka kama. Daga 1 ga Satumba aka ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe. Dokar ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara uku, kuma ta haɗa da fasinja.

A takarda wannan jerin sunaye ne kawai. Sai an ɗora shi a kan taswira ake gane abin da ya yi wa mazaunin Agege. Ta kudu maso gabas, da zarar ya bar Pen Cinema bai yi nisa ba ya shiga ƙasar Ikeja. Titin Agege Motor Road, wanda shi ne tsohuwar hanyar zuwa Oshodi da Mushin, yana cikin manyan hanyoyi goman da aka hana. Ta yamma kuma babbar hanyar Legas zuwa Abeokuta ce ta gitta, ita ma tana cikin jerin, haka gadar Dopemu da ta Iyana Ipaja. Abin da ya rage a buɗe shi ne ɓangaren arewa, ta Iju da Ifako zuwa Agbado da iyakar Jihar Ogun, sai kuma lungunan cikin gari.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba shi ne yadda jerin ya faɗa daidai kan sauran unguwannin Hausawa. Idi-Araba tana ƙarƙashin Mushin. Kasuwar Mile 12, inda tumatir da albasa da tattasai ke sauka daga Arewa, tana ƙarƙashin Kosofe. Obalende tana can cikin yankin da aka hana tun 2020, haka Ebute Metta. Babu wanda ya ce an shirya hakan da gangan, domin waɗannan wurare suna tsakiyar birni ne, inda cunkoso ya fi yawa. Amma sakamakon ɗaya ne. Zumuncin da a da ake yi a kan babur, ɗaurin aure a Idi-Araba da safe, ta'aziyya a Obalende bayan Azahar, a dawo gida kafin Magariba, yanzu ya koma hannun danfo da gosulo. Wannan zirga-zirga ita ce asalin daɗin babur ga magidancin Agege, kuma ita ce ta fara tafiya.

Wanda ba ɗan acaɓa ba

Hukumomin jihar sun sha bayyana cewa masu ɗaukar fasinja domin kuɗi ne aka nufa da haramcin. Baburan kai saƙo masu ƙarfin injin cc 200 zuwa sama suna da izinin bin manyan hanyoyi, haka manyan baburan nan masu tsada da 'ya'yan masu hali ke kece raini da su a Lekki da Ikoyi ranar Lahadi. Wanda ya faɗa tsakiya shi ne mai ƙaramin babur na kansa, mai cc 100 ko 125. Injinsa bai kai ya hau babbar hanya ba, kamanninsa kuma ba su bambanta da na ɗan acaɓa ba.

A ɗauki misalin mahaucin da ke zaune a Zango, yana yanka a Oko-Oba, yana da masu sayen nama a gidajen abinci na Ogba da Ikeja. Babur ɗinsa nasa ne, takardunsa cikakku. Idan ya ɗauki yaron shagonsa a baya domin ya riƙe masa kaya, a idon jami'in da ke tsaye a mahaɗa ya ɗauki fasinja. Idan ya ɗauki uwargida zuwa awo, haka. Ranar da aka yi samame ba a tsayawa dogon bayani, ana ɗora babur a mota ne, mai shi ya bi sawu daga baya da takardunsa a hannu, ya bar sana'arsa kwana da kwanaki yana safa da marwa. Ko da ya yi sa'a ya karɓo, ya yi asarar ciniki, ya kashe kuɗin mota, ya kuma koyi darasin da ba zai manta ba. Idan bai yi sa'a ba, dukiyar da ta haura miliyan ta zama tarkacen ƙarfe.

Akwai kuma nauyin kallon da ake yi wa ɗan Arewa a kan babur. A ƙarshen watan Agustan 2019 jami'an ko-ta-kwana na jihar suka tare wata babbar mota a Agege ɗauke da mutum 123 da babura 48 daga Jihar Jigawa. An tsare su, an bincika, ba a same su da wani abin laifi ba, aka sake su. Amma hotunansu zaune a ƙasa sun riga sun zagaye kafafen sada zumunta, tare da kalaman da ke nuna kamar mamaya aka kawo wa Legas. Mutumin da aka haifi kakansa a Agege, wanda ya yi karatu a makarantar gwamnati ta unguwa ko a Markaz, idan ya sa hula da doguwar riga ya hau Boxer, wannan kallon ne ke biye da shi. Irin wannan ba ya shiga lissafin kuɗi, amma yana cikin abubuwan da ke sa mutum ya ji hawan ya fita daga ransa.

Abin takaicin shi ne hanyar bambancewa tana nan tun tuni. A tsarin lambobin abin hawa na Najeriya, na kai ana rubuta su da shuɗi, na haya da ja, na gwamnati da kore. Da ana tilasta wa kowane ɗan acaɓa ɗaukar lamba mai ja, ana kuma mutunta mai shuɗi idan takardunsa sun cika, da rabin wannan rikici ya kau. Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. 'Yan acaɓa da yawa suna yawo da lamba mai shuɗi, wasu ma babu lambar sam, kuma wannan ne ya ba jami'ai hujjar yi wa kowa kuɗin goro.

Hujjar gwamnati ba ta banza ba ce

Adalci ne a faɗi cewa gwamnatin Legas ba ta tashi haka kawai ba. Lokacin sanar da haramcin 2020, Kwamishinan Yaɗa Labarai, Gbenga Omotoso, ya ce daga 2016 zuwa 2019 an samu haɗurra sama da 10,000 masu alaƙa da acaɓa da keke a manyan asibitocin jihar kaɗai, tare da mutuwar fiye da mutum 600. A Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Igbobi akwai ɗakin da jama'a suka daɗe da laƙaba wa sunan okada saboda yawan masu karaya da ake kwantarwa. Babu unguwar Hausawa a Legas da ba ta taɓa haɗa kuɗin mayar da gawa ko majinyaci gida ba sakamakon haɗarin babur.

Masu hawan ma sun san nasu laifin. Bin hannun da ba nasu ba, kutsawa tsakanin tirela da danfo, ɗaukar mutum biyu ko uku, taruwa a kan direban mota idan an yi karo ko da ɗan'uwansu ne mai laifi. Hular kwano kuwa tsohon labari ne. Da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa ta a ranar 1 ga Janairun 2009, an ga masu kifa ƙwarya da robar fenti a ka domin su wuce shinge, wasu fasinjoji kuma suka ƙi sawa saboda tsoron asiri. Har yau a lungunan Agege mai sa hula shi ne bare.

Wannan fargabar haɗari tana girma ne tare da shekaru. Saurayin da ke ganin kutsawa cikin gosulo a matsayin gwaninta, idan ya kai arba'in, yana da 'ya'ya huɗu da haya a kansa, sai ya fara kallon tayar tirela da wani ido daban. Damina a Legas doguwa ce, kwatoci na cika su malalo kan titi, ramin da ruwa ya rufe ba ya sallama. Karayar cinya ɗaya na iya zaunar da magidanci wata shida, kuma mafi yawan masu sana'ar hannu ba su da inshorar lafiya. Da yawa daga cikin baburan da ke ƙarƙashin tampol, iyali ne suka matsa aka ajiye su bayan wata faɗuwa da Allah Ya taƙaita.

Lissafin aljihu

Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai, ana sayar da lita a kan naira 185 a gidajen man NNPC da ke Legas. Cikin kwana biyu ta koma 488. A watan Satumban 2024 ta kai 855, a Oktoba ta kai 998. Mai babur da ke zuba lita goma da naira 1,850, sai ga shi yana biyan kusan dubu goma. Farashin ya riƙa hawa da sauka bayan nan, amma bai koma kusa da inda ya taso ba.

Faɗuwar darajar naira bayan an sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023 ta bi ta kan duk abin da ake shigowa da shi. Taya, tib, sarƙa, fulogi, baƙin mai, babu wanda bai tashi ba. Sabon babur ya ninka kuɗinsa. Ga ɗan acaɓan da ya karɓi babur a hannun wani yana kai balas kullum, ga kuɗin tikitin ƙungiya a kowace tasha, abin da ke saura a aljihu da yamma ya ragu ƙwarai, ga shi kuma an matse shi da dubban 'yan'uwansa a cikin 'yan unguwannin da suka rage, ana rububin fasinja ɗaya.

Tsadar nan tana da fuska biyu, kuma ita ce ke sa shawarar ta yi wuya. Tsohon babur ma ya yi daraja. Wanda ya sayi nasa shekara biyar da suka wuce zai iya sayar da shi yau a kan kuɗin da ya kai ko ya zarce abin da ya biya, ya ƙara jari a shago ko ya biya haya. Amma ya san idan ya sayar, da wuya ya sake mallakar wani. Kuma duk da tsadar mai, a cikin unguwa babu abin da ya kai babur sauƙi, domin kuɗin keke da danfo su ma sun tashi. Saboda haka sai ka ga mutum ya kira dillali an yi ciniki, da aka zo biya ya ce a ba shi zuwa bayan Sallah.

Jirgi ya dawo

Wani abin da ya sauya lissafin shi ne Agege ta samu hanyoyin fita da ba ta da su a 2012. A watan Agustan 2020 aka buɗe layin manyan motocin BRT daga Oshodi zuwa Abule Egba. A watan Maris na 2021 aka buɗe gadar sama ta Pen Cinema mai tsawon kilomita 1.4, wadda ta ɗauke cunkoson da ake yi a mahaɗar layin dogo, cunkoson da shi kansa ya sa mutane da yawa sayen babur tun farko. A watan Yunin wannan shekara aka ƙaddamar da sabon jirgin Legas zuwa Ibadan, kuma tashar Agege sunan Babatunde Fashola aka sa mata, wato gwamnan da ya rufe wa babur hanya a 2012. Sai kuma Jan Layi, jirgin cikin gari mai tafiyar kilomita 27 daga Agbado zuwa Oyingbo, wanda aka ƙaddamar ranar 29 ga Fabrairun 2024, ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba, yana tsayawa a Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba.

Ga ma'aikacin da ke zuwa ofis a Ikeja ko Yaba da jaka ɗaya a hannu, wannan sauƙi ne na gaske. Ya biya da katin Cowry, ya zauna, ya sauka da tufafinsa tsaf, ba ruwansa da jami'i ko ruwan sama. Amma jirgi na da lokacinsa, ba ya jiran mara lafiya da tsakar dare, ba ya ɗaukar cinyar sa ko buhun albasa, kuma ba ya kai mutum ƙofar gida. Daga tasha zuwa lungu, abin dariya, acaɓa ɗin dai ake hawa.

Abin da Abuja ta sani

Mazauna Abuja ba baƙi ba ne ga wannan labari. Tun ranar 1 ga Oktoban 2006, zamanin ministancin Malam Nasir El-Rufa'i, aka fitar da acaɓa daga tsakiyar birni, ta koma Nyanya, Kubwa, Lugbe da Mararaba. Masinja ko direban da ke da babur a Mararaba ya san inda iyakarsa take, daidai da ɗan'uwansa na Agege. A Maiduguri an hana babur baki ɗaya a watan Yulin 2011 saboda hare-haren Boko Haram. A Kano an hana goyo a kan babur a watan Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, abin da ya buɗe wa A Daidaita Sahu kasuwa. Samarin da waɗannan matakai da rashin tsaro suka raba da sana'a, wasunsu Legas suka nufo, suka sauka a Agege da makamantanta, kafin ita ma ta fara rufe ƙofa.

A watan Yulin 2022, bayan taron Majalisar Tsaro ta Ƙasa, Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya ce Gwamnatin Tarayya na duba yiwuwar hana babura a faɗin ƙasa domin katse wa 'yan bindiga hanya. Ba a aiwatar ba, amma maganar ta nuna yadda ake kallon babur daga teburin ofis, a matsayin matsalar tsaro ko ta cunkoso. Masu rubuta takardun shawara a ma'aikatu, waɗanda da yawansu a bayan babur ɗin mahaifi suka fara zuwa firamare, sun fi kowa sanin cewa yawancin masu shi ba ɗaya daga cikin biyun ba ne. Rajista da lambobi da lasisi suna hannun hukumomin da ke iya raba mai haya da mai hawan kansa, idan an ga dama.

A Agege dai kowa ya kama tasa hanyar. Wasu sun rage babur ya zama na cikin unguwa, masallaci, kasuwa, makarantar yara, mai faci, ba a tsallake Pen Cinema. Wasu matasa sun koma aikin kai saƙo a kamfanoni, suna hawan babur mai akwati a baya da izinin bin titunan da aka hana su a da, sai dai babur ɗin ba nasu ba ne, kuma waya ce ke faɗa musu inda za su. Wasu sun ƙaura da sana'arsu zuwa Agbado da Sango Ota a ɓangaren Ogun. Masu sha'awar hawa don nishaɗi kuwa sun koma fita da sassafen Lahadi, kafin titi ya cika, su bi ta Iju su sha iska su dawo.

Akwai kuma waɗanda suka zaɓi kada su sayar, kada kuma su ajiye. Manyan motocin da ke sauke shanu a Oko-Oba ba sa son komawa Arewa fayau. Ana daidaitawa da direba, a tsiyaye man tanki, a cire madubai, a naɗe babur da kwali da buhu a ɗaure shi a jikin bodi, a ba yaron mota takardu da lambar wayar ƙane ko ɗa da zai tarbe shi a Haɗeja, Funtuwa ko Illela. A can zai kai taki gona, ya kai mai naƙuda asibiti, ya je cin kasuwar ƙauye. Mai shi kuma zai hau shi sau ɗaya a shekara, idan ya je gida hutun Babbar Sallah.